TSIRA DAGA HAƊARI DA ABIN DA KE BIN BAYANTA

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayarwa Mai kashewa, wanda numfashin kowane bawa ke hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

 A wannan mako za mu yi magana ne a kan mutumin da mutuwa ta shafa kansa ta wuce, watau wanda ya yi mummunan haɗari a wajen tseren mota ko babur, Allah ya fid da shi da rai. Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne wata ɗabi'a da ta yaɗu a tsakanin samarinmu. Ran ɗaurin aure, ko ran salla, ko ran da aka gama jarrabawa, sai ka ga an jera motoci da babura a kan kwalta ana tsere, ana juya sitiyari har taya ta yi hayaƙi, yara na bi suna ihu. Da can a manyan birane irin su Kano aka san wannan abu, amma yau mutumin Surko, da na Babaldu, da na Gwaram, duk sun san shi. Hanyar da ta tashi daga Birnin Kudu zuwa Gwaram an yi ta ne domin manomi da ɗan kasuwa da mai kai mara lafiya asibiti, to, ga shi wasu na so su mai da ita filin sukuwa.

In tsautsayi ya auku, mota ta wuntsila, aka zaro yaro da rai, sai ka ji jama'a na cewa da sauran shan ruwansa. Wannan magana gaskiya ce. Sai dai mafi yawanmu a nan muke tsayawa, alhali kuwa daga nan ne maganar ta fara.

LABARIN WANI BAFARANSHE

A shekarar 1977 an yi wani tsere daga Abijan ta ƙasar Kwaddebuwa zuwa birnin Nis na Faransa. Cikin masu tseren akwai wani saurayi Bafaranshe, Thierry Sabine, yana kan babur. Da suka shiga hamadar arewa maso gabashin Nijar, wajen iyakar Libiya, sai ya saki hanya ya ɓace shi kaɗai cikin rairayi, inda babu rijiya babu inuwa. Ya yi kwanaki a haka, har masu nemansa suka kusa fid da rai, sa'an nan aka hango shi daga jirgin sama aka ɗauko shi.

Me ya yi da wannan rai da aka mayar masa? Da ya koma gida sai ya ƙudura shirya tsere mafi girma a cikin hamadar nan. Ran 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Faris, suka ratso Aljeriya, suka biyo ta Agadas da Yamai, suka nufi Dakar. Mafi yawan masu tuƙin 'yan sha'awa ne kawai waɗanda suka sayi abin hawa da kuɗinsu, kuma 74 ne kaɗai suka kai. Wannan shi ne tseren Faris zuwa Dakar, wanda 'yan'uwanmu na Nijar suka sha ganin ƙurarsa shekara da shekaru, kafin a ɗauke shi daga Afirka zuwa Amurka ta Kudu a 2009, daga can kuma zuwa Saudiyya a 2020.

To, ran 14 ga Janairu 1986, ana cikin tseren shekarar, shi Sabine ɗin ya hau jirgi mai saukar ungulu a ƙasar Mali, iska mai rairayi ta taso, jirgin ya faɗi, ya mutu tare da mutum huɗu. Ka ga mutumin da hamada ta riƙe shi kaɗai ba ruwa ta sake shi, ga shi ta karɓe shi bayan shekara tara, yana cikin jirgin da shi kansa ya tanada domin lura da masu tsere. Wancan karon kwanansa bai ƙare ba, wannan karon ya ƙare.

Wannan shi ne tushen farko da Musulmi zai riƙe. Allah ya sanar da mu cikin Suratu Ali Imrana, aya ta 145, cewa babu ran da zai mutu sai da izininsa, a wa'adin da aka rubuta. Halidu ɗan Walidu, Allah ya ƙara masa yarda, ya shiga yaƙe-yaƙe masu yawa har jikinsa ya cika da tabon takobi da mashi da kibiya, amma a kan shimfiɗarsa ya rasu a shekara ta 21 bayan hijira. Saboda haka wanda ya fito daga motar da ta zama kamar an murƙushe gwangwani, kada ya ce ƙwarewarsa ce. In da ƙwarewa na hana haɗari, ai da motar ba ta faɗi ba tun farko.

ƘADDARA BA TA HANA RIGAKAFI

Amma a nan ne Shaiɗan ke shigo wa samari ta wata ƙofa. Sai ya ce musu, tun da ajali rubutacce ne, taka totur iyakar ƙarfinka, in kwana ya ƙare ko a ɗaki kake za ka mutu. Wannan magana ce ta gaskiya da aka ɗora ƙarya a kanta, kuma sahabbai sun riga sun warware ta. Sa'ad da Sayyidina Umaru ya nufi Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sargu, aka gaya masa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, ya yanke komawa Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umaru ya amsa masa da cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya kuma buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe. Duk gefen da ya kai raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fi kowa tawakkali, duk da haka ran Uhudu sulke biyu ya haɗa ya sa. Da wani mutum ya tambaye shi ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai ya umurce shi ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara. Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya kwana a kan soron da ba shi da katanga. In kwana a kan soro mara katanga abin zargi ne, ina ga wanda ya hau babur ba hular kwano, ya ɗaga ƙafar gaba a tsakiyar kasuwa?

Su Turawan da samarinmu ke kallo a waya suna kwaikwayo, a dubi yadda suke tsira. Ran 1 ga Agusta 1976 wani direban tsere ɗan ƙasar Ostiriya, Niki Lauda, ya yi karo a filin tsere na Jamus, motarsa ta kama wuta, 'yan'uwansa direbobi suka tsaya suka jawo shi. Ya ƙone a fuska da kai, hayaƙi ya lalata masa huhu, amma ya rayu har 2019. Ran 29 ga Nuwamba 2020 kuma a ƙasar Bahrain, motar wani Bafaranshe, Romain Grosjean, ta daki shingen ƙarfe da gudun kusan kilomita 190 a awa, ta rabe biyu, wuta ta tashi. Ya yi wajen daƙiƙa 28 cikin wutar, ya fito da ƙafarsa, hannuwansa ne kawai suka ƙone. Mai kallo zai ce abin al'ajabi, kuma lalle ikon Allah ne. Amma Allah ya gudanar da ikonsa ta hanyar sababi: tufafin da ba su saurin cin wuta, da hular kwano, da ɗamara mai riƙe kafaɗu da ƙugu, da wani baka na ƙarfe da aka fara kafawa bisa kan direba a 2018, da motar likita da ke biye da su a baya, da masu kashe gobara a bakin fili. Filin kuma a killace yake, babu akuya, babu amalanke, babu yarinya mai talla.

To, kai ɗan'uwa mai tsere a hanyar Gwaram, wanne ka tanada cikin waɗannan? Tayarka ta hannu ce, birkinka bakanike ya ce a lallaɓa, bel ɗin kujera ka tura shi baya don kada ya ɓata maka guga. Ka sani motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a kowace daƙiƙa, watau kafin ka ɗauke ƙafa daga totur ka ɗora a birki ka wuce gidaje biyu ko uku. In ka ninka gudu sau biyu kuma, tazarar da birki ke bukata kafin mota ta tsaya ninkawa take sau huɗu. Wannan ma sunnar Allah ce a cikin halittarsa, ba ta sassauta wa kowa don yana da ƙuruciya. Allah kuwa ya hana mu, a aya ta 195 ta Suratul Baƙara, mu jefa kanmu da hannunmu cikin halaka, ya kuma hana mu kashe kanmu a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i.

MUSULUNCI BAI HANA TSERE BA

Kada wani ya ɗauka addini gaba yake da wasa ko da jarunta. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umaru cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tseren dawaki a Madina. Dawakin da aka horar suka tashi daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tazarar mil biyar ko shida. Waɗanda ba a horar ba kuwa aka rage musu, daga Saniyya zuwa masallacin Bani Zuraiƙu, wajen mil ɗaya. Shi Ibnu Umar yana cikin mahayan. A duba tsarin nan da kyau. An san mafari, an san iyaka, an bambanta doki mai horo da mara horo, kuma shugaban al'umma ne ya tsaya a kai. Manufar ita ce ƙarfafa mahaya da dawaki domin amfanin jama'a.

Annabi kuma yana da wata taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa tsere mata ba. Ran nan wani Balaraben ƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta, abin ya yi wa sahabbai ciwo. Sai ya sanar da su cewa ƙa'idar Allah ce, babu abin da zai ɗaukaka a duniya face ya ƙasƙantar da shi wata rana. Wanda ke ganin in an wuce shi a hanya an ci mutuncinsa, har ya bi motar da ta wuce shi don ya rama, ya auna kansa da wannan hali.

Da aka zo hanyar da kowa ke bi kuwa, hukuncin ya canja. A Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan hijira, ana gangarowa daga Arfa, Annabi ya ji hayaniya a bayansa, mutane na dukan raƙuma suna gaggawa. Sai ya yi musu nuni da bulalarsa, ya umurce su da natsuwa, ya gaya musu cewa aikin alheri ba a cikin gaggawa yake ba. Mutanen nan ibada suke yi, zuwa Muzdalifa suke, duk da haka aka hana su sauri cikin cunkoso. Yaya ke nan wanda ba shi da inda za shi, burinsa kawai 'yan mata su yi guɗa?

HAƘƘIN WANDA BAI JI BA BAI GANI BA

Mai tsere yakan ce ransa ne. Da farko dai ran ba nasa ba ne, amana ce. Na biyu kuma, da wuya ya tafi shi kaɗai. Ran 11 ga Yuni 1955, a wani shahararren tsere a garin Le Mans na Faransa, mota ɗaya ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka mutu. Tseren Dakar ma ya ci 'ya'yan talakawa waɗanda ba su san dalilin tseren ba: a 1988 wata yarinya 'yar shekara 10 a ƙasar Mali, a 2006 kuma yara maza biyu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin rahotonta na 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar wannan babi a buɗe ba. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an tabbatar da cewa mai kora dabba, da mai jan ta, da wanda ke kanta, su ke da lamunin abin da ta taka. In haka ne ga jaki da doki masu rai da ra'ayin kansu, to, mota wadda ba ta motsi sai da hannun direba ta fi cancanta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a ƙasar Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direba na ɗauke da alhakin ɓarnar da ya jawo ta hanyar sakaci ko ƙetare iyaka. Dokokin nan kuwa ba ɓoyayyu ba ne. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988, ta tilasta ɗaura bel daga 2003, da sa hular kwano daga 2009, kuma ƙa'idar gudun ƙaramar mota cikin gari kilomita 50 ce a awa.

Wanda ya kashe mumini bisa kuskure, aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora masa abu biyu. Akwai diyya da za a miƙa wa magada, sai fa in sun yafe, kuma asalinta raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, dangin mai laifin na wajen uba su ke taruwa su biya. Akwai kuma kaffara, wadda a zamaninmu ita ce azumin wata biyu a jere. A lura da kyau, yafewar magada diyya take kayarwa, ba ta kayar da kaffara, domin wannan haƙƙin Allah ne. Da yawa a ƙasarmu in an je gaisuwa iyayen mamaci suka ce sun bar wa Allah, sai direba ya ɗauka magana ta ƙare, ya koma kan sitiyari da bashin kwana sittin a wuyansa bai sani ba.

ABIN DA KE KAN WANDA YA TSIRA

Farkon abin da ke kansa shi ne ya san wanda ya tsirar da shi. Akwai direbobin da ke rataya laya a madubi ko su ɗaura guru, suna cewa in mota ta faɗi za su ɓace su bayyana a gefen hanya. In irin wannan ya tsira sai ya ƙara wa boka kuɗi. Wannan hasara ta fi karayar ƙashi, domin an ba shi rai ya kai godiyar inda ba a ba shi kome ba. Ya tsinke layar, ya gyara imaninsa.

Sai godiya. Malaman Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin an so mutum ya yi sujada ta shukura in wata masifa ta kauce masa, mashhurin mazhabarmu kuwa bai so ta ba, don haka malamanmu sukan yi nuni da nafila da sadaka da yawaita hamdala. Kowanne mutum ya bi, asalin godiya shi ne a yi amfani da ni'ima inda Mai ita ya yarda. Ƙafar da aka mayar maka ta san hanyar masallaci, hannun da bai guntule ba ya kama sana'a.

Sai tuba, da sharuɗɗanta: barin laifin, da nadama, da ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙin mutane. In ka karya ƙafar wani ka ɗauki nauyin maganinsa, in ka kashe tunkiyar wata ka biya ta, in motar aro ce ka gyara. Wanda ya hau bayanka ya ji rauni, kada ka ce ai da son ransa ya hau. Je ka nemi gafararsa, ka kuma durƙusa gaban mahaifiyarka wadda ta kwana a barandar asibiti saboda kai.

Wanda kuma ya tsira da rai amma ya rasa ƙafa ko ya kwanta da ciwon baya, kada ya yanke ƙauna. Kuskurensa ba ya rufe masa ƙofar rahama, kuma ingantaccen hadisi ya yi bushara cewa duk wahalar da ta sami Musulmi, har ƙayar da ta soke shi, ana kankare masa zunubi da ita. Ya nemi magani, ya yi haƙuri, ya riƙe sallarsa a zaune ko a kishingiɗe gwargwadon ikonsa. Mu kuma mu je gaishe shi, mu bar gori, gama wanda ke kwance ya riga ya ji abin da ya fi maganarmu zafi.

Abin tsoro shi ne halin da Allah ya siffanta a Suratu Yunusa, aya ta 22 da ta 23, na mutanen da ke cikin jirgin ruwa. Guguwa ta taso, igiyar ruwa ta kewaye su, suka roƙi Allah da zuciya ɗaya suna alkawarin godiya, da ya tsirar da su sai ga su sun koma ɓarna a bayan ƙasa. Sau nawa muka ga yaro ya yi rantsuwa a gadon asibiti, ɗori bai gama kamawa ba ya aika a gyara babur? Irin wannan ya ɗauki jinkirin da aka yi masa a matsayin lasin, alhali kuwa wanda bai ji bari ba zai ji hoho.

Daga ƙarshe, nauyin bai tsaya kan samari kaɗai ba. Uban da ya miƙa wa yaro ɗan shekara goma sha biyar makullin mota, za a tambaye shi, domin kowannenmu makiyayi ne abin tambaya a kan kiwonsa. Mai biki da ya ga ana wasan mota a ƙofar gidansa ya yi shiru, da 'yan kallo masu tafi da ɗaukar hoto, duk suna da kaso, gama ba don su ba da ba a yi. Muna roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, da limaman Juma'a, da shugabannin direbobi da na 'yan acaɓa, su haɗa baki su tsai da wannan abu tun kafin ya zama al'ada. Wanda yake son ganin ƙarshen gudu, ya je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko asibitin ƙashi na Dala a Kano ya gai da marasa lafiya. Zai sami ladan gaisuwa, ya kuma dawo da wa'azin da ya fi wannan, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu daga mummunar ƙaddara, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya shiryi samarinmu, ya sa mu cika da imani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.